Rahoton Ayyukan Shekarar Karatu ta 2024/2025 ga Membobin Ƙungiyarmu ta Iyayen Yara, Birnin Kano

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu membobi, ga bayanin abin da kwamitin zartarwa ya gudanar a shekarar karatun da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, ita za ta karanta shi a babban taro, don haka ba za a same shi a nan ba.

Ayyukan da muka saba sun gudana ba tare da tangarɗa ba. An raba littattafan rubutu da takalma ga marayun da masu unguwanni suka ba mu sunayensu, an yi lesin na dogon hutu ga masu shirin shiga aji ɗaya na sakandare, an kuma je gaisuwa gidajen membobin da aka yi wa rasuwa. Allah Ya jiƙansu, Ya sa namu ƙarshen ya yi kyau. Abin da ya cinye mana shekarar, har ya nemi raba kan ƙungiya, shi ne maganar waifai, wato intanet mara kebur, a makarantu.

Yadda maganar ta taso

A zangon farko wasu makarantun kuɗi da 'ya'yanmu ke zuwa suka saka waifai, suka ƙara kuɗin kwamfuta a takardar biya. Ana cikin ƙorafin kuɗin sai wani saƙon murya ya fara yawo a wayoyin iyaye, mai maganar yana cewa na'urar tana dafa ƙwaƙwalwar yaro, tana kawo sankara, tana hana haihuwa nan gaba. Duk wanda ya tuna jita-jitar 5G a lokacin korona, a 2020, ya san irin wannan saƙon. Sai dai a wannan karon wata uwa ta tashi a taro ta ce 'yarta tana dawowa da ciwon kai duk ranar da suka shiga ɗakin kwamfuta, wasu iyayen suka ce su ma haka. Maganar uwa a kan lafiyar 'yarta ba a kashe ta da dariya. Kafin taron ya tashi, an samu masu cewa za su cire yaransu su karantar da su a gida.

Kwamiti ya nemi mutum biyu daga cikinmu, injiniyan sadarwa da likitar yara, su yi mana bayani. Mun kawo shi a nan da ɗan tsawo saboda da yawa ba su samu halarta ba.

Waifai igiyar rediyo ce, dangin wadda ke kawo mana tashoshin FM da wadda wayar hannu ke aiki da ita, tana tafiya a kan zangon gigahaz 2.4 ko 5. Ba ta cikin dangin hasken ɗaukar hoton ƙashi na asibiti, wanda ke da ƙarfin lalata ƙwayoyin halitta. Rauta, wato na'urar da ke watsa waifai da ake ratayewa a bango, yawanci tana fitar da abin da bai wuce kashi ɗaya cikin goma na wat ba, alhali wayar da muke mannawa a kunne tana iya kai wat 2 idan sabis ya yi rauni. Kuma duk lokacin da nisa ya ninka biyu, ƙarfin da ke isa jikin mutum yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Yaron da ke zaune a tsakiyar aji, abin da ke isa gare shi daga bango bai kai na wayar babarsa da yake kallon katun da ita a kan cinya ba.

Saƙon muryar ya dogara da wani abu na gaskiya, sai dai ya karkatar da shi. A watan Mayun 2011, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya igiyoyin rediyo a rukunin 2B, rukunin abubuwan da ake cewa mai yiwuwa ne su jawo cutar amma shaidar tana da rauni. Binciken da aka dogara da shi a kan masu yawan kara waya a kunne ne. Jan naman da muke ci a tsire da balangu yana rukunin 2A tun 2015, mataki ɗaya sama. A watan Satumban 2024 kuma aka fitar da wata babbar bita da hukumar ta sa aka yi, wadda ta tattara bincike 63 na tsakanin 1994 da 2022, ba ta sami alaƙa tsakanin amfani da wayar hannu da sankarar ƙwaƙwalwa ba.

Duk da haka likitar ta ce kada a mayar da masu fargaba jahilai, domin akwai ƙasar da ta zaɓi taka-tsantsan. Faransa ta yi doka a 2015 da ta hana waifai a ɗakunan renon yara 'yan ƙasa da shekara 3, ta kuma ce a makarantun firamare a kashe shi idan ba darasi ake yi da shi ba. Wannan ba ya cin ko kwabo, mun ɗauke shi.

Abin da muka gani da idonmu

Da izinin masu makarantu, wakilanmu sun zagaya. A makarantar da aka fi kuka da ita, ɗakin kwamfutar ƙarami ne, an toshe tagoginsa da katako saboda ɓarayi da ƙura, fanka ɗaya ce ke aiki. Janareta yana ajiye a bayan bangon, bututun hayaƙinsa na kallon 'yar kafar da ta rage a saman taga. Ba mu yi kwata ɗaya a ciki ba hajiyar da ke cikin tawagar ta nemi a fita, kanta ya fara sarawa. Rautar kuwa tana can sama kusa da silin, fitilunta kore suna ƙyaftawa. An matsar da janaretan, an buɗe taga biyu aka saka musu ƙarfe, kuma iyayen da suka kawo kukan sun ce abin ya yi sauƙi sosai.

Amma a ɗakin nan muka ga abin da ya fi tayar mana da hankali. Kalmar sirrin waifan an rubuta ta da alli a gefen allo. Maigadi ya shaida mana cewa bayan an tashi, manyan ɗalibai da samarin unguwa sukan jeru a jikin katanga da wayoyinsu har magariba. Ba a tace komai ba: TikTok, shafukan cacar ƙwallo, da abin da baki ba zai iya faɗa ba, duk a buɗe. Ra'ayin kwamiti shi ne mun shafe watanni muna jin tsoron igiyar, mun bar abin da igiyar ke ɗaukowa.

Mun rubuta wa makarantun takarda. Mun nemi a kashe rauta idan ba darasi, kalmar sirri ta zauna a hannun malami ɗaya ana sauya ta, a toshe shafukan batsa da na caca, a jera kwamfutoci ta yadda malami zai ga fuskar kowacce daga inda yake tsaye, inda hali ya yi kuma a ja kebur. Mun kuma nemi a hana ɗalibi shiga da wayarsa, kamar yadda Faransa ta yi tun 2018 ga 'yan firamare da ƙaramar sakandare. Yawancinsu sun amsa, wasu har sun aiwatar. Akwai wadda har yau ba ta ba mu amsa ba, kuma tana ci gaba da karɓar kuɗin kwamfuta.

Wani dattijo cikinmu ya ja mana kunne, kuma ya yi gaskiya. Jikokinsa suna makarantar gwamnati, inda ake neman benci da alli, ba waifai ba. Ba a banza gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a watan Yunin 2024 ba. Wannan muhawarar ta wani ɓangare ne na membobi, kada ta sa mu manta da sauran.

Karatu a gida

Wasu gidaje ƙalilan sun cire yaransu tun kafin bayanin ya iso. Ba mu yi musu taron dangi ba, mun riƙa ziyartarsu. Karatu a gida ba baƙo ba ne a Kano, da yawanmu a soro muka fara allo, kuma har gobe ana ɗaukar littafi a zaurukan malamai a cikin gari. Sai dai wancan karatu ne na jama'a, yaro yana tsakiyar sa'anninsa. Wanda ake magana yanzu daban ne.

A gida ɗaya mun tarar da uwa da yara uku, kowanne ajinsa daban, ga goyo, ga girki. Malamin lesin yana zuwa bayan la'asar, daidai lokacin Islamiyya, sai aka sadaukar da Islamiyyar. Ƙaramin ya ci gaba a karatun baƙi fiye da yadda yake a aji, wannan mun gani kuma mun yaba. Babbar, wadda ya kamata ta shiga aji huɗu na sakandare ɓangaren kimiyya, ba mai koya mata kemistiri, sai aka miƙa mata wayar maigida tana kallon darasi a YouTube, ita kaɗai a ɗaki, ta hotsufot, wato waifan da waya ke fitarwa. An gudu ba a tsira ba.

Akwai kuma doka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa uba ko mariƙi ya tabbatar yaronsa ya yi firamare da ƙaramar sakandare, shekara 9. Wanda ya saɓa, karon farko gargaɗi ne, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Jihar Kano ma ta ƙaddamar da nata tsarin ilimi kyauta kuma dole a 2019. Masu kafa hujja da Amurka da Ingila su sani cewa can doka ce ta buɗe ƙofar, a Afirka ta Kudu sai an yi wa yaron rajista da hukumar ilimi, a Jamus kuwa an hana. Dokarmu ta 2004 ba ta tsara hanyar yi wa mai karatu a gida rajista ba, ma'ana babu mai bibiyarsa, babu kuma mai ba shi shaidar ajin da ya kai.

Ga jarrabawa. WAEC da NECO na 'yan makaranta ta hannun makaranta ake rajistarsu, tare da makin gwaje-gwajen da aka tara. Na gida sai ya jira ta masu zaman kansu. JAMB kuwa tun 2015 a kwamfuta kaɗai ake rubuta ta, WAEC ta fara amfani da kwamfuta a jarrabawar masu zaman kansu a 2024. Duk mun san ɗalibi mai ƙoƙari da ya zauna gaban kwamfuta a ranar JAMB hannunsa na rawa saboda bai taɓa riƙe linzaminta ba. Wanda ya raba ɗansa da na'urar gaba ɗaya, wannan ranar tana jiransa.

Matsayar kwamiti ita ce ba mu ba kowa shawarar cire yaro daga makaranta saboda waifai. Wanda lalura ta sa, kamar rashin lafiya mai tsawo ko cin zalin da makaranta ta kasa magancewa, ƙungiya za ta taimaka masa da manhajar karatu da neman malami, bisa sharaɗin yaron ya ci gaba da Islamiyya don ya riƙa cuɗanya. Daga cikin gidajen da suka cire, wasu sun mayar da yaran a zango na uku. Gida ɗaya na nan a kan bakansa, kuma suna nan a matsayin membobi, muna roƙon a daina yi musu habaici a wurin taro.

Abin da ke gabanmu

Za a koma makarantun a mako na uku na sabon zango, ba tare da sanarwa ba, a ga ko rautar tana kashe. Injiniyanmu ya yi alkawarin zama da iyaye mata ranar wata Asabar ya nuna musu yadda ake kulle waya da taƙaita abin da yaro zai buɗe, kowa ta zo da tata wayar da caji. Za kuma a gabatar da ƙudurin karkatar da wani kaso na asusu zuwa benci ga makarantun gwamnati na unguwanninmu, a kaɗa ƙuri'a a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su ga ma'aji kafin ranar, domin wanda bai biya ba ba zai kaɗa ba.

Wassalam.

Sakatare,
a madadin kwamitin zartarwa