Umma ta ce ba ta hana ni ba, amma ta daina barci

Assalamu alaikum Anti,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya ƙara basira. Ni saurayi ne, ina aiki a Amurka, kuma ta intanet nake sauraron shirinki. Wata tafiyar ƙafa na ƙudurta yi, ita ce ta tayar da hankalin gidanmu.

A gabashin ƙasar nan akwai hanyar ƙafa da ake kira Appalachian Trail. Ta kai kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14, daga Dutsen Springer a Jojiya zuwa Dutsen Katahdin a Maine. Tun 1937 aka kammala ta. Mai son taka ta daga farko har ƙarshe yakan yi wata biyar zuwa bakwai a hanya, kuma cikin mutum huɗu da suka fara, kusan ɗaya ne ke kaiwa. Niyyata in tashi a watan Maris, in isa Katahdin kafin tsakiyar Oktoba, don daga nan sanyi kan hana hawa dutsen. Na yi shekaru daga ofis sai ɗaki, kuma ba inda nake samun natsuwa kamar cikin dajin nan. Na tara guzuri, wurin aiki ma sun ba ni hutu.

Da na faɗa a gida, Abba ya ce Allah ya tsare, bai ƙara komai ba. Umma kuwa cewa ta yi, "Ban hana ka ba." Daga baya ƙanwata ta gaya mini cewa tun ranar Umma ba ta barcin kirki, ko abinci sai an matsa mata.

Na yi mata bayani iyakar iyawata. Na ce an shafa farin fenti a jikin bishiyoyi da duwatsu don kada mutum ya ɓata, akwai rumfunan kwana fiye da 250, kuma bayan 'yan kwanaki ana gangarowa gari a sayi abinci. Na nuna mata ta bidiyo matatar ruwan da zan riƙe, da wata 'yar na'ura mai aiki da tauraron ɗan adam, wadda ke aika saƙo da inda mutum yake ko babu sabis, tana da maɓallin neman ceto. Da ta tambayi namun daji, na ce baƙin beyar da ke wurin yawanci gudun mutum yake, muddin an adana abinci nesa da wurin kwana. Abin da matafiya suka fi tsoro shi ne zamewa a kan dutse, da jiƙewa cikin sanyi, da kaska mai sa cutar Lyme. Har labarin Emma Gatewood na ba ta, wadda ta gama hanyar ita kaɗai a 1955 tana da shekara 67. Umma ta ce, "Ita ba ni na haife ta ba."

Anti, abin da na lura shi ne duk kayan kariyar da na nuna mata, sabon haɗari take gani a ciki. Da ta ji maɓallin ceto sai ta ce, "Ashe har sai an ceto mutum." Tun daga nan na rasa ta inda zan ɓullo mata.

Yayana ya ce in rage mata labari. Kusa da ƙarshen hanyar, a Maine, akwai wani yanki mai kusan kilomita 160 da babu gari a cikinsa, ana shawartar matafiyi ya ɗauki abincin kwana goma. Yaya ya ce kada in ambata mata shi ko kusa. Ni ban yarda ba. Addu'arta nake so ta raka ni, kuma ba na son ta yi mini ita a kan abin da na ɓoye mata rabinsa.

Sai maganar saƙo. Tana so ta ji daga gare ni kowane dare. In na yi wannan alkawari, ranar da batir ya mutu ko kwari ya tare saƙon, ban san halin da za ta shiga ba, ga ta da hawan jini. Na yi tunanin in ba ƙanwata jadawalin garuruwan da zan bi, mu ajiye cewa shirun kwana biyu ba matsala ba ne, ita ce za ta riƙa duba taswira tana gaya wa Umma. Ko kina ganin hakan zai sa Umma ta ji an ware ta?

Tambayar da ta fi damuna ita ce wannan: "ban hana ka ba" izini ne? In ba izini ba ne, in fara da ɗan yankin hanyar da ya ratsa gandun dajin Shenandoah a jihar Bajiniya, in dawo ta ga ƙalau nake, ko in haƙura da tafiyar baki ɗaya? Don Allah ki ba ni shawara yadda za ki ba ɗanki, ki kuma faɗi kalmar da zan buɗe maganar da ita in na sake kiran Umma.

Na gode, Allah ya saka da alheri.

Ɗanki mai sauraro daga Amurka