Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Kan Masu Tasowa a Ajin Masu Nauyi na UFC

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa, tambayar da ka aika wa shirin wasanni na rediyo ka ce a miƙo mini ta iso. Cewa ka yi: idan matashi a ajin masu nauyi na UFC (gasar faɗan keji mai haɗa naushi, shuri da kokawa) ya kashe mutum biyar ko shida a jere, wato ya gama da su da duka, duk a turmin farko, me kuma ake jira kafin a kira shi mai kambun gobe? Tunda a bainar jama'a ka yi ta, ga amsa a bainar jama'a.

A wannan aji babu abin da ya kai kisa araha. Nauyin ya kama daga fam 206 zuwa 265, wato kusan kilo 93 zuwa 120, safar hannun kuma oza huɗu ce kacal. Duk ƙaton da ya sami haɓar ɗan'uwansa daidai zai kwantar da shi, ko gwani ne ko ba gwani ba. Ga shi gwanayen ajin ba su da yawa, mutum na iya hawa sama bai gamu da ɗan kokawa na gaske ko ɗaya ba.

Dubi Robelis Despaigne na ƙasar Kuba, mai lambar tagulla ta takwando a gasar Olamfik ta 2012. A Maris 2024 ya shigo UFC ya gama da abokin karawarsa cikin daƙiƙa 18, aka yi ta kururuta shi. Bayan wata biyu Waldo Cortes-Acosta ya riƙa kayar da shi yana danne shi, ya cinye shi da maki. Kafin shekarar ta ƙare an sake cinye shi ta wannan hanya, aka sallame shi. Tun a 2010 an ga irin haka: Shane Carwin ya zo wa Brock Lesnar da nasara 12, duk a turmin farko. Ya lakaɗa wa Lesnar duka har hannuwansa suka mutu, a turmi na biyu Lesnar ya kayar da shi ya shaƙe shi.

Don haka ka daina kallon guntayen bidiyon kisa, ka nemo faɗan da yaron ya fi daɗewa a ciki. Faɗan kambu turmi biyar ne, kowanne minti biyar, minti 25 ke nan ɗauke da jiki mai kilo 115 ko fiye. Ka zuba ido daga tsakiyar turmi na biyu. Bakinsa a buɗe yake? Hannuwa sun sauko daga haɓa zuwa ƙirji? Naushin da ke fita uku-uku ya koma ɗaya-ɗaya, kowanne da lilo? Ya fara jingina da ragar keji ba tare da an tura shi ba? A hutun minti ɗaya kuma, duba yadda yake tashi daga kujera. Idan tun a minti na bakwai waɗannan alamu sun bayyana, kada ka sa ran zai kai minti na ashirin da ƙarfinsa. Naushin ciki ma gwaji ne: Tai Tuivasa ya kashe mutum biyar a jere, amma a birnin Faris a 2022 Ciryl Gane ya yi ta sossoka masa ƙafa a ciki har ya naɗe a turmi na uku.

Sai batun ƙasa, inda idonmu na masu kallon dambe ke yaudarar mu. A dambe da gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa, magana ta ƙare. A keji kuwa nan wani sabon faɗa yake farawa. Ka ƙirga abin da yaron ke yi a daƙiƙa goma na farko bayan an kayar da shi. Wanda aka horar yakan cusa hannu ƙarƙashin hammatar abokin karawa, ya ja ƙugunsa zuwa raga, ya kafa gwiwa ɗaya, ya miƙe yana dogara da ragar. Wanda ba a horar ba abu biyu yake yi: ko ya kwanta rigingine ya rungume kan mutum yana jiran alƙali ya tashe su, ko ya juya baya a gigice ya miƙa wuyansa. Gane kusan ba shi da na biyu a iya taku da kiyaye tazara, amma a Maris 2023 Jon Jones ya kai shi ƙasa ya shaƙe shi cikin minti biyu da daƙiƙa huɗu.

Kokawa zalla ma ba ta isa. Jailton Almeida ya danne Derrick Lewis turmi biyar a 2023 bai iya gamawa da shi ba, da ya haɗu da Curtis Blaydes, wanda ya san kokawa, sai ya maƙale a ƙafarsa yana shan duka a kai har aka tsayar da faɗan. Shi kansa Blaydes, a 2021 ya sunkuya neman ƙafar Lewis ba tare da ya fara ɓoye shigar da naushi ba, Lewis ya tare shi da naushin ƙasa zuwa sama, ya sume.

Ka kuma duba su wa aka kashe, tsofaffin da haɓarsu ta riga ta ƙare ne ko masu jini a jika. A wane keji? Na zauren Apex a Las Vegas faɗinsa ƙafa 25 ne, na manyan taruka ƙafa 30, kuma a ƙaramin babu wurin gudu.

Abin da na fi ba muhimmanci shi ne yadda mutum ya dawo bayan an cinye shi, kuma Francis Ngannou, ɗan Batié ta Kamaru, shi ne darasin. A Janairun 2018 ya zo wa Stipe Miocic da kusan irin jerin nasarorin da ka kwatanta, wata ɗaya da 'yan kwanaki bayan ya sumar da Alistair Overeem. Ya zuba ƙarfinsa duka a turmin farko, Miocic ya kauce, ya yi ta kayar da shi, alƙalai uku duk suka ba Miocic nasara da maki 50-44. Faɗansa na gaba da Lewis kuwa, tsoro ya hana shi sakin hannu. Da a ranar ka tambayi jama'a, da yawa za su ce ya ƙare. A Maris 2021 ya dawo wa Miocic, Kamaru Usman na cikin masu ba shi shawara a gefen keji. Bai yi gaggawa ba. Da Miocic ya kai wa ƙafarsa cafka, sai ya watsa ƙafafu baya ya sauke masa nauyin ƙugu, ya zagaya bayansa yana duka. A turmi na biyu ya kashe shi ya ɗauki kambu, yana da shekara 34. A 2022, da ciwon gwiwa, da kokawa ya cinye Gane. Ƙarfin naushin bai ƙaru ba tsakanin 2018 da 2021. Haƙuri da kare kaye ne suka ƙaru. Shekaru ma ba su cika hanawa a nan ba: Daniel Cormier yana da 39 ya ɗauki kambun, Randy Couture 43.

Za ka ce to Tom Aspinall na Ingila fa, wanda har ƙarshen 2025 bai taɓa shiga turmi na uku a UFC ba? Gaskiyarka. Bambancinsa da Sergei Pavlovich, wanda ya yi kisa shida a jere a turmin farko kafin Aspinall ya gama da shi cikin daƙiƙa 69, shi ne hanyoyin cin nasararsa sun fi ɗaya. Ya shaƙe Andrei Arlovski, ya kayar da Alexander Volkov ya murɗe masa hannu, ga saurin ƙafa da ba a saba gani ga mai nauyinsa ba. Duk da haka tambayar numfashi na nan a kansa. Karawarsa da Gane a Abu Dhabi a Oktoban 2025 ita ce aka sa ran za ta amsa ta, don Gane ya riga ya fasa masa hanci, sai tsokanar ido ta tsayar da faɗan kafin turmin farko ya cika.

Wassalam,
Ɗan'uwanka mai sharhin wasannin faɗa