Ganye ya kashe bakteriya a faranti, to a jikin mutum fa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Na saurari shirinku na lafiya inda aka yi maganar ganyaye da saiwoyi masu kashe bakteriya, gaskiya na ƙaru sosai, amma akwai wani waje da baƙonku ya wuce da sauri, wato bambancin kashe bakteriya a farantin gwaji da yin aiki a jikin mutum, kuma abin ya tsaya min a rai.

Tsirrai dai suna da sinadarai masu ƙarfi, wannan ba musu. Akwai tanin wanda shi ne yake sa ka ji bauri idan ka tauna sassaƙe, akwai alkaloyid, akwai filabonoyid, ga safonin mai kumfa. Tafarnuwa ma tun 1944 aka ware sinadarin alisin daga cikinta, kuma abin mamaki sai an daka ta ko an yanka tukunna yake samuwa, sannan ba ya jimawa yake lalacewa, zafin wuta ma gamawa yake da shi.

To amma ya ake gwajin? A jiƙa ganye a ruwa ko etanol, a tace, a ɗiga kan 'yar takarda a ɗora a farantin da aka shuka bakteriya, washegari a auna milimita nawa ne wajen da suka kasa tsirowa. Shi ke nan fa. Ganye ɗaya sai ya ba ka sakamako daban saboda an canja abin jiƙon ko lokacin da aka tsinko shi, kuma sau da yawa zaka ga ya yi aiki kan bakteriyar Staphylococcus aureus amma ya kasa bakteriyar E. coli don ita tana da ƙarin bango a waje da yake tare sinadarin. Faranti ba shi da ciki da zai narkar da maganin, ba shi da hanta ko ƙoda da za su lalace. A Beljiyam farkon shekarun 1990 mata da yawa ƙodarsu ta mutu saboda maganin rage ƙiba da aka haɗa da tsiron Aristolochia, shi ma ai ganye ne. Wallahi ina tsoron wani ya ji shirin nan ya ajiye antibayotik ɗin da likita ya rubuta masa ya koma jiƙo.

Ni ba raina binciken nake ba, muna buƙatarsa ƙwarai, a 2019 kawai mutum kusan miliyan 1.27 suka mutu sanadin bakteriyar da ta daina jin magani. Kuma an ga inda aka kai ƙarshe, atimisinin, maganin maleriya, daga ganye Tu Youyou ta Chana ta fitar da shi a 1972, aka tace shi aka san awonsa aka gwada a kan mutane, har ta ci Nobel a 2015.

Don Allah ku sake gayyato baƙon nan, ku tambaye shi cikin ganyayen da ya lissafa wanne ne aka gwada a jikin ɗan Adam, kuma awo nawa.

Nagode,
Mai sauraronku a kullum