Ga mai tambaya kan tashin ƙudan zuma

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Ka tambaye ni a bainar jama'a ko da gaske masana sun yi lissafi sun gano bai kamata ƙudan zuma ya iya tashi ba. Maganar tana da asali. A 1934 wani masanin ƙwari ɗan Faransa, Antoine Magnan, ya rubuta cewa bisa lissafi tashin ƙwari ba zai yiwu ba. Sai dai lissafin ya ɗauki fiffiken ƙwaro tamkar na jirgin sama, a sandare, iska tana bi ta kansa salin-alin. Shi kuwa ƙudan zuma yana kaɗa fukafukansa wajen sau 230 a daƙiƙa ɗaya, kuma a ƙarshen kowace kaɗawa fiffiken yana murɗawa.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina ya fito ne a 1996, daga ɗakin binciken Charles Ellington a Jami'ar Kambirij ta Ingila. Sun busa hayaƙi a kan wani babban malam-buɗe-littafi na dare yana kaɗa fukafukai, suka kuma ƙera wani na inji. Sai suka ga 'yar guguwa tana naɗuwa a gefen gaba na fiffike, ta manne masa har ya gama saukowa. Matsin iska a cikinta ya ragu, don haka tana tsotso fiffiken sama. A jirgin sama, karkata fiffike sosai irin yadda ƙwaro ke yi takan sa iska ta ɓalle daga fiffike, jirgi ya rasa abin da ke ɗauke da shi. Ƙwaro kuwa a nan yake samun ƙarin ƙarfin. A 1999 wani masani a Amurka, Michael Dickinson, ya nutsar da fukafukan inji cikin tankin mai, ya nuna cewa fiffike yana komowa ya ci moriyar 'yar guguwar da ya bari a baya.

A ruwa ma haka abin yake. A 2006 masu bincike a Amurka sun ɗaura mataccen kifi a bayan wani turke cikin ruwa mai gudu. Juye-juyen da turken ke haifarwa suka riƙa lanƙwasa jikinsa, sai ga shi yana matsawa gaba, yana ƙetare ƙarfin ruwan, ba tare da tsoka ko ɗaya ta yi aiki ba. Rayayyen kifi a wannan wuri yakan rage aikin tsokarsa, ya bar ruwan ya ɗauke masa wani kaso na wahalar.

Wassalam.