A daina koya wa yara Shekisfiya da hadda

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana da 'yan'uwana malamai masu koyar da adabin Turanci, don abin ya daɗe yana tsaya min a rai.

Yadda yawancinmu muke yi shi ne ticha ya shigo aji ya buɗe Macbeth, ɗaya daga cikin wasannin kwaikwayon marubucin Ingila Shekisfiya, ya karanta layi biyar da murya ɗaya kamar mai karanta sanarwa, sannan ya juya allo ya rubuta taƙaitaccen bayani yara su kwafa su haddace, in jarrabawa ta zo su juye a takarda, shi ke nan wai an yi adabi. Yaro zai ci jarrabawar amma ka tambaye shi me ya sa Macbeth ya kashe sarki Duncan sai ya tsaya yana kallonka. Kuma sai mu ce yaran ne ba sa jin Turanci.

To wai Turancin wa? Shekisfiya ya rasu tun 1616, yarensa ko ɗan Landan na yau sai ya sha wuya. Kalmar "wherefore" da ke cikin Romeo and Juliet, Turawa da yawa suna ɗauka "ina" take nufi, alhali ma'anarta "don me". Tun 1807 Charles Lamb da 'yar'uwarsa Mary suka sake rubuta labaran wasanninsa cikin sauƙi saboda yaran Ingila, su fa masu yaren kenan. Su an sassauta musu, mu kuma sai mu jefa yaro cikin kogi mu ce ya yi iyo.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda ake hana a yi bayani da yaren da yaro ya tashi da shi, wai zai ɓata masa Turanci. Ni kuwa na ga akasin haka da idona. Akwai ranar da na rasa yadda zan fahimtar da su bambancin "thou" da "you", sai kawai na ce musu thou kai ce ko ke, you kuma ita ce ku ɗin da ake ce wa babba don girmamawa, wallahi nan take ajin ya ɗauka. Turancin yau ya zubar da wannan bambanci, kowa you ne, amma yaren yarana bai zubar ba, don haka a wannan gaɓar sun fi ɗan Bature saurin ganewa. Da muka zo wurin da wani a wasan Twelfth Night yake zuga abokinsa ya rubuta takardar neman faɗa, ya ce masa ya yi ta kiran mutumin da thou har kamar sau uku, tun kafin in buɗe baki wata yarinya ta ce ai raini ne wannan, ajin ya fashe da dariya. Wane taƙaitaccen bayani ne zai ba ta wannan?

Kuma mu tuna ba don a zauna a kan benci a karanta aka rubuta waɗannan wasanni ba. A gidan wasa na Globe da aka gina a 1599 talakawa a tsaye suke kallo, da yawansu ba su iya karatu ba, da kunne da ido suke bin labarin. Shi ya sa ni yanzu sai na ba da labarin gaba ɗaya da baki tukuna, sannan in raba musu matsayi su tashi su yi, wannan sarki wannan mayya, a yi ihu a yi kuskure, bayan nan ne muke komawa layi-layi da ƙamus. Lokaci yana tafiya, gaskiya ne, wani zangon ba ma gama littafin yadda manhaja ta tsara, wannan kam ban musa ba.

Masu cewa fassara ƙasƙanci ce, Julius Nyerere na Tanzaniya yana shugaban ƙasa ya fassara wasannin Shekisfiya biyu, Julius Caesar da The Merchant of Venice, zuwa Swahili, ban ji an ce Turancinsa ya ragu ba.

Na san da Turanci za a rubuta amsar jarrabawa, kuma dole a ƙarshe yaro ya riƙe ainihin rubutun ba fassara ba. Roƙona ga shugabannin makarantu kawai shi ne, in kun wuce ta taga kun ji ticha yana bayanin Hamlet da yaren yara, ko kun ga an ture bencina gefe ana wasa, don Allah ku bar shi ya gama darasinsa kafin ku kira shi ofis.

Naku,
Wani malamin adabin Turanci a makarantar sakandare