Amsa ga Dakta kan wasannin daɓen da za mu yi bana a Kaduna

Assalamu alaikum Dakta,

Bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Na ga tambayar da ka jefo mini a shafinka na Facebook jim kaɗan bayan mun fitar da jadawalin wasannin daɓe da ƙungiyarmu za ta gabatar daga ƙarshen damina zuwa gabanin azumi. Na kuma ji ka maimaita ta a rediyo, har da ƙarin gishiri. Tunda a bainar jama'a ka yi ta, a bainar jama'a zan amsa, ko da yake lambar wayata tana hannunka tun ba yau ba.

Ga abin da ka rubuta, saboda wanda bai gani ba: "Wasanni huɗu, biyu rawa da waƙa, ɗaya rabinsa Turanci. Wa ya biya kuɗin, kuma me kuka ba shi a madadi? Da Samanja da Kasimu Yero za su dawo, za su kira wannan wasan Hausa, ko fim ɗin Indiya ne aka ɗora a dandamali da 'ya'yan mutane?" Sai ka ƙara da ƙorafin tsadar tikiti, da cewa mun kai wasa ɗaya ƙetaren gada, wato ɓangaren garin da ke kudu da kogin Kaduna.

Maganar tikiti ba za ta ci mana lokaci ba. Je ka tambayi kuɗin hayar zaure na dare ɗaya a garin nan, ka haɗa da man janareta da hayar lasifika da fitilu, ka raba da yawan kujeru. Ɗalibai rabin kuɗi za su biya. An rubuta haka a ƙasan fastar da ka ɗauki hotonta, sai dai hoton naka ya yanke daidai wurin.

Abin da ya sosa mini rai shi ne abin da ka faɗa a kan yaran nan mata. Kai ba baƙo ba ne a Kaduna. Ka san abin da kunnen uba ke ji idan malamin jami'a ya ambaci 'yarsa da fim ɗin Indiya a jimla ɗaya, a gidan rediyo, lokacin da maƙwabta ke zaune a ƙofar gida. Bayan shirin naka wani dattijo a Tudun Wada ya hana 'yarsa zuwa gwaji, kuma ita ce ke ɗauke da babbar waƙar wasanmu na biyu. Ban ga laifinsa ba. Ya ji magana daga bakin mai ilimi, ya ɗauka mai ilimin ya je ya gani da idonsa. Ba ka je ba, Dakta. Ba ka taɓa leƙo mu wurin gwaji ba, ba ka nemi rubutun wasa ko ɗaya ka karanta ba. Da ka zo da ka tarar da ɗalibai da tela da mai koyon aikin jinya, kowace da yardar iyayenta ko mijinta a rubuce. Da ka tarar da uwar ƙungiya, dattijuwar da ta aurar da 'ya'ya da jikoki, zaune a kujerarta daga farkon gwaji har a tashi, kuma kafin magariba ake tashi. Suturar da za su hau dandamali da ita ita ce wadda suke zuwa suna da ita, atamfa da mayafi. Ba don tsoron alƙalamin kowa muka tsara haka ba, haka muka taso muka ga ana yi, kuma mu ma muna da 'ya'ya mata.

Sai batun waƙa, wanda na yi mamakin jin sa daga bakinka fiye da kowa, kai da kake koyar da adabin baka kana cin albashi a kansa. Ina tambayarka, tashe daga Indiya aka kawo mana shi? Daga goma ga watan azumi yara ke fita gida-gida bayan shan ruwa. Wannan ya manna gemun auduga ya dogara sanda ya zama tsoho, yana roƙo 'yan amshi suna karɓa masa. Wancan ya rataya saiwoyi da ƙulle-ƙulle ya zama Jatau mai magani, yana lissafa itatuwa da cututtukan da suke warkarwa. 'Yan mata su yi Mairama da Daudu, ɗaya ta sa riga da hula ta zama miji, a koya wa amarya zaman aure cikin waƙa tun daga gaisuwa har kai abinci. Akwai labari, akwai shiga, akwai 'yan wasa, akwai 'yan kallo da ke biya da hatsi ko 'yan kuɗi, kuma kusan ba a furta komai sai da rerawa. Ka ƙara da wasan gauta, inda matan fada ke kwaikwayon sarki da fadawansa a gabansu. Ka ƙara da kalankuwa bayan kaka, inda samari da 'yan mata ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarawansu, makaɗa na yi musu kiɗa. Ka ƙara da 'yan kama masu juya waƙar wani su mayar da ita ta tuwo da miya. A cikin waɗannan duka, nuna mini guda ɗaya da aka raba kwaikwayo da kiɗa.

Idan ana neman baƙo a gidan nan, to wasan da ake buɗe labule a tsaya ana ta magana har a rufe shi ne baƙon. Ta makarantun boko ya shigo, da ofishin talifi na Zariya zamanin Rupert East, Baturen da ya shugabance shi a shekarun 1930. Ba raina shi nake yi ba, wasanninmu biyu na bana ma irinsa ne, kuma da shi Malam Aminu Kano ya fara caccakar zalunci tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna, wadda daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Amma ka ɗauki wanda ya zo jiya ka ce shi ne ɗan gida, wanda kakanninmu suka taso da shi kuma ka ce aro ne, wannan sai dai in ce ka yi sauri wajen rubutu.

Na san abin da kake tsoro, domin ni ma na gaji da shi: a tsayar da labari cak, saurayi da budurwa su canja kaya su shiga lambu suna zagaya furanni, fiyano na tashi daga situdiyo. Babu wannan a namu. Waƙarmu ita ce maganar wasan, in ka cire ta labarin ya yanke. Makaɗan kuma a gefen dandamali za su zauna kowa na ganinsu, da kalangu da gurmi da sarewa, mata da ƙwarya da shantu. Mai kalangun namu har yanzu shi ke yi wa mahauta kiɗa a unguwarsu, kuma ban taɓa jin ya ambaci Mumbai ba.

Ka kira sunan Samanja da Kasimu Yero, Allah ya jiƙansu da rahama. Ni ba zan sa musu magana a baki ba, kai ma bai kamata ka mayar da su shaidunka ba alhali ba su da halin cewa e ko a'a. Abin da suka yi dai yana nan, kowa ya gani. Usman Baba Pategi, wato Samanja, wanda ya rasu a 2023, Banufe ne, tsohon soja, kuma abin da ya sa Arewa gaba ɗaya ta riƙe ciki don dariya shi ne Hausar bariki da yake cakuɗawa da Turancin kurtu. Kasimu Yero, wanda ya rasu a 2017, ya yi Karambana da Hausa, ya kuma fito a Cock Crow at Dawn da Turanci, ƙasa duka na kallo, ba wanda ya ce ya sayar da Hausa. Lokacin da aka mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan daɓe, aka buga shi a 1975, Umaru Ladan ya yi aikin ne tare da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad. Waɗannan su ne magabatan da kake so ka tsorata ni da su.

Wasan da ka ce rabinsa Turanci ne, kuma mun kai shi ƙetaren gada, labarin ma'aikatan masaƙun Kakuri ne. An buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited (KTL) a 1957, ta tsaya a 2002, sauran ma suka bi ta ɗaya bayan ɗaya. A ƙarƙashin rufi ɗaya Bahaushe da Bajju da Atyap da Bagwari da Tibi da Bayarabe da Ibo suka yi aiki, suka ci abinci a rumfa ɗaya, suka yi yajin aiki tare, da yawa kuma suka tsufa suna jiran haƙƙinsu na sallama. Da Hausa da buroka suke magana da juna. In na sa su duka suna zuba Hausar littafi, ƙarya na yi, kuma 'ya'yansu da za su zauna a zauren za su gane. A Kakuri za mu fara nuna shi domin can masu labarin suke, daga baya mu kawo shi wannan ɓangaren. Tun rikicin addini na 2000 da na 2002 garin nan ya rabu, kogi ya zama iyaka, har akwai yaran da aka haifa a Kawo ko Rigasa da ba su taɓa zama kujera ɗaya da na Sabon Tasha ko Narayi ba. A ƙungiyarmu suna zama. In wannan ne laifin, to da gangan muka yi shi.

Kuɗi kuma, ga inda suka fito. Akwai karo-karon 'yan ƙungiya na wata-wata. Akwai tikitin da aka saya tun kafin a fara. Akwai 'yan kasuwa da suka sa talla a ɗan littafin da za a raba a ƙofa, da wani Alhaji mai motocin haya da ya ba mu bas kyauta. Sannan akwai tallafi daga wata gidauniyar raya al'adu ta ƙasar waje, wanda ya ɗauki nauyin fitilu da horar da yaran da za su kula da su. Abin da muka ba su a madadi shi ne tambarinsu a kusurwar fasta, da rasit na kowace naira. Ba su karanta rubutun wasa ba, ba ma sa jin Hausa. Littafin kuɗinmu yana wurin ma'aji, duk mai so ya zo ya buɗe. Ina fatan kai ma za ka iya faɗa mana wanda ya biya kuɗin jirgin taron da ka je ƙasar waje ka gabatar da takarda a kan mutuwar wasan daɓe a Arewa. Ba zargi nake yi ba. Na dai lura kuɗin waje ba sa wari sai sun faɗo hannun 'yan wasa.

Akwai abin da ban so in taɓo ba, amma mutane suna ta tambayata me ya haɗa mu. Bara ka kawo mana rubutun wasa. Kwamitin karatu ya mayar maka da shi da shawarar a rage jawabai, domin akwai inda mutum ɗaya ke magana shafi bayan shafi sauran na tsaye. Ba ka dawo da shi ba, ba ka kuma ƙara amsa gaisuwarmu da sakin fuska ba. Ban ce shi ya sa ba, Allah kaɗai ya san zuciya. Hausawa dai sun ce ruwa ba ya tsami banza.

Da tambayar da ta dace kake nema, Dakta, da ka tambayi dalilin da ya sa a zauren biki muke wasa. A wannan gari aka kafa gidan rediyo da talabijin na tsohuwar Jihar Arewa a 1962, daga nan muryoyin 'yan wasan kwaikwayo suka shiga kowane ƙauye har Nijar da Kamaru. Nan aka yi babban hawan daba na FESTAC, bikin al'adun baƙar fata na duniya, a 1977. A Samaru, tafiyar da ba ta kai a kira ta tafiya ba, Jami'ar Ahmadu Bello ta gina dandalin wasa da jar ƙasa bisa fasalin gidan Bahaushe tun shekarun 1970, daga can malamai da ɗalibai suka riƙa kai wasa ƙauyuka suna yi tare da manoma. Mu kuwa yau, masu wannan gado, sai mu kama zaure mu biya kafin alƙalami, ana saura mako a kira mu a ce an samu mai ɗaurin aure da ya ninka kuɗi. Rufin ƙasa-ƙasa, murya na dawowa, babu ɗakin canja kaya, 'yan wasa na ɓuya bayan labulen da muka ɗinka da kanmu. Mun kai takarda wani ofishi muna roƙon a ba mu aron wani tsohon gini da jemagu suka gaje, mu gyara da kuɗinmu. Duk zuwa sai a ce Oga ya fita, fayil na kan teburinsa. Makarantun sakandare da a da kowace ke da ƙungiyar wasan kwaikwayo, yanzu shugaban makaranta tsoro yake ji kada a ce ya lalata tarbiyya, kuma irin rubutun da ka yi shi ke ƙara masa tsoron. Kana da shafi mai dubban mabiya, kana da kujera a rediyo. A kan wannan ban taɓa jin ka ɗaga murya ba.

Abin da ka faɗa a kaina da kuɗi na yafe, na saba. Na yaran nan ne ba ni da ikon yafewa, domin ba nawa ba ne. Muna gwaji ranar Asabar bayan la'asar, iyayen wasu daga cikinsu za su zo, har da dattijon nan na Tudun Wada, wanda uwar ƙungiya ta je da kanta ta roƙa ya zo ya gani kafin ya yanke hukunci. Ko ka zo ka maimaita maganarka a gabansu, ko ka janye ta a gidan rediyon da ka yi ta.

Wassalam.

Naka,
Shugaban ƙungiyar kuma mai ba da umarni,
Kaduna