Gaisuwar Babbar Sallah daga Essen, da amsar tambayar Auta kan jita

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Baba da Umma, da Yaya Babba da maigidanta, da Auta, da duk mutanen gida. Barkanmu da Sallah. Allah Ya karɓi ibadarmu, Ya maimaita mana, Ya dawo da alhazanmu gida lafiya. Ina fatan kuna lafiya kamar yadda nake nan lafiya. Yaya ta turo mini hoton ragon tun ranar jajibiri, ma sha Allah, Kawu ya iya zaɓe. Umma, kada a wahala wajen ajiye mini soyayye, jami'an kwastan na nan ba sa barin nama ya shigo ko na kilishi ne. A kai wa Gwaggo rabona.

Mun yi Idi a masallacin Turkawa da ke unguwarmu. Ranar aiki ce a Jamus, don haka ana shafa addu'a kowa ya kama hanyar tashar jirgin ƙasa. Ba mai kayar da rago a ƙofar gida, doka ba ta bari. Mai son layya sai ya biya mahauci a yanka masa a mayanka, ko ya aika kuɗin gida. Da yamma muka taru a ɗakin wani dattijo mutumin Kumasi, Hausawan Gana da na Nijar da mu 'yan Najeriya, aka ci shinkafa da wake da naman rago, aka yi ta hira har dare. Na yi kewarku ƙwarai, musamman lokacin da na san Baba yana tsaye a kan masu fiɗa yana cewa a yi a hankali da fatar.

Baba, kun tambaye ni a waya wai a situdiyon nan me nake taɓawa da hannuna, tunda ni ba mawaƙi ba ne. Auta kuma ya turo mini kiɗan jitar da ya ɗauka, yana tambayar dalilin da ya sa bai yi kama da na makaɗan rok da yake ji a YouTube ba. Amsar tambayoyin biyu ɗaya ce, don haka bari in haɗa su.

Jitar lantarki ita kaɗai ba ta da wata murya, in aka kaɗa ta ba waya sai ɗan ƙiris-ƙiris. A da, sai an jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai ƙwayayen gilashi a ciki, irin na tsohuwar rediyo, a ɗora shi a kan akwati mai sifika 4 masu faɗin inci 12 kowacce, wanda nauyinsa ya kusa kilo 40. Sannan a kafa makirfo a bakin sifika ɗaya, a murɗa ƙara har tagogi su riƙa rawa, domin gurnanin nan da ake so yana fitowa ne idan an matsa wa ƙwayayen fiye da ƙarfinsu. Marshall JCM800 na 1981 da Peavey 5150 na 1992 suna cikin amfilifayoyin da suka kafa wannan sauti, na farkon wat 100, na biyun wat 120. To, a ƙasar da daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba a yarda ka dami maƙwabci ba, ranar Lahadi ma haka, wa zai kunna wannan a ɗakin haya?

Shi ya sa aka koya wa kwamfuta ta kwaikwayi amfilifayan. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, wata 'yar na'ura ja da ake ɗorawa a tebur. Axe-Fx ya biyo baya a 2006. A 2011 Kemper ya fito, kuma kamfaninsa yana Recklinghausen, garin da bai kai rabin awa a jirgi daga inda nake ba. Shi Kemper sauraro yake yi. Ana jona shi da amfilifaya na gaske, ya riƙa tura masa wasu sautuka, fito da shuuu da wani irin kuka mai hawa da sauka, yana jin abin da ke dawowa ta makirfo. Kafin shayi ya huce ya riƙe halin wannan amfilifaya, a cire wayoyi a mayar da ƙaton ɗakin ajiya. Ranar da ake yin wannan kowa toshe kunne yake. Aikina ke nan, Baba: kafa makirfo, jona wayoyi, ɗaukar sauti, da zama gaban kwamfuta ina tace shi da kunne har ya zauna. Sana'a ce ta haƙuri, kuma da ita nake biyan haya nake aiko muku abin da ya samu.

Yanzu kai Auta, matso kusa.

Na saurari abin da ka turo, kuma hannunka ya yi kyau fiye da bara, wannan ba yabon ɗan'uwa ba ne. Amma sautin kamar rina ta faɗa gwangwani. Ba laifin kwamfutarka ba ne, kuma kada wani ya ce maka sai ka sayi na'urar miliyoyi. Akwai manhaja mai suna Neural Amp Modeler, Steven Atkinson ne ya rubuta ta, kyauta ce, kuma mutane sun ɗora kwafin amfilifayoyi masu yawa da za ka sauke ba ko kwabo. Na sha jin an gwada irin wannan kwafi da na gasken a cikin waƙa, ƙwararru suna sauraro, suka kasa rabewa.

Babban abin da ya ɓata naka shi ne ka sa amfilifaya ba ka sa akwatin sifika a bayansa ba. Sifikar jita ba ta iya fitar da sauti mai tsini sosai, daga wajen Hz 5,000 zuwa 6,000 take fara yin ƙasa da sauri (Hz ma'aunin sauti ne, ƙaramar lamba kauri, babba tsini). Gurnanin amfilifaya kuwa yana haifar da ƙara har can sama da haka. A duniyar gaske sifika ce ke tace wannan tsiwar kafin ta kai kunne. Kai ka cire matacin, shi ya sa komai ya zubo. A kwamfuta, akwatin wani ɗan fayil ne da ake kira IR, tsawonsa bai kai daƙiƙa ɗaya ba, yana ɗauke da amsar sifika da makirfo da wurin da aka ajiye makirfon. Ka nemi wanda aka ɗauka da sifikar Celestion Vintage 30 da makirfon Shure SM57. Sifikar ta fito a 1986, makirfon tun 1965, kuma haɗuwarsu ce kunnenka ya saba ji a yawancin rok na zamani ko da ba ka san sunansu ba. Za ka ga fayilolin iri-iri: wanda aka ɗauka a tsakiyar sifika ya fi kaifi, na gefe ya fi duhu da taushi. Fara da wanda ke tsakanin biyun. A ganina canza IR ya fi canza amfilifaya tasiri nesa ba kusa ba, kuma a nan nake kashe mafi yawan lokacina idan ana neman sauti. Sai dai ina roƙonka, ka zaɓi biyu ko uku ka san su sosai. Na ga samari da suka tara ɗaruruwa, kullum suna gwaji, waƙa ko ɗaya ba su gama ba.

Sai gen, wato makunnin da ke ƙara gurnani. Ka kai naka ƙarshe. Kowa haka yake so idan yana kiɗa shi kaɗai a ɗaki, saboda gen mai yawa yana rufe kuskure kuma yana sa yatsa ya ji daɗi. Amma yana cinye bugun farko na tsirkiya, kuma a wannan bugun ƙarfin kiɗan yake. Mayar da shi wajen rabi, ka kaɗa, ka ci gaba da ragewa har ka ji kamar ya yi kaɗan, sannan ka ɗan ƙara. A gaban amfilifayan ka sa kwafin Tube Screamer, wata koriyar na'urar takawa da Ibanez ya fitar a 1979. Makunninta na gurnani a sifili, na ƙara a sama, na kaifi a tsakiya. Tana rage kaurin ƙasa kafin ya shiga amfilifaya, tana ɗaga tsakiya wajen Hz 720, sai ka ji idan ka danne tsirkiyoyi da gefen tafin hannu sautin yana tsayawa cak ba ya malala.

Na kuma lura ka rage makunnin tsakiya ka cika na ƙasa. Jita a tsakiya take zaune. Tsirkiyarta mafi kauri tana kan Hz 82 ne, ta bes kuwa, wato jita mai kaurin murya, tana kan 41, kuma nauyin da kake ji a ƙirji idan ana rok yawancinsa na bes ne da babbar ganga. Bar musu wurinsu. Yanke duk abin da ke ƙasa da 80 ko 100 a jitar, yanke na sama da 8,000 zuwa 10,000, in akwai wani fito da ke sukar kunne wajen 3,000 zuwa 4,000 ka ɗan danne shi. Za ka ji jitar ta rame idan ka saurare ta ita kaɗai. Kada ka damu, kunna ta tare da ganguna da bes kafin ka yanke hukunci.

Faɗin nan da ya burge ka, inda jita ke cika kunne biyu, kaɗawa biyu ce. Ka ɗauka sau ɗaya ka tura hagu gaba ɗaya, ka sake kaɗawa daga farko ka tura dama. In ka kwafi na farkon kawai ka liƙa, sautin zai koma tsakiya ya ƙara ƙara, ba wani faɗi. 'Yan bambance-bambancen hannun mutum tsakanin karo na farko da na biyu su ne ke buɗe shi. Wannan kuwa yana buƙatar ka iya abin da kake kaɗawa har ka maimaita shi daidai a kan kilik, wato bugun nan mai riƙe maka lokaci, ka duba saitin tsirkiya kafin kowane ɗauka, ka kashe tsirkiyoyin da ba ka so da hannun hagu. Akwai wani makaɗi da ke zuwa wurinmu, dattijo ne mai furfura, yana ɗaure ɗan ƙyalle a wuyan jitarsa bayan mahaɗar tsirkiyoyi don kada su yi amo. In ya kaɗa, ko da wane kwafi aka ba shi, sautin a tsaye yake. Wani ya karɓi jitar nan take, ba a taɓa makunni ko ɗaya ba, sai ka rantse an canza kayan.

Akwai wani zuuu a ƙarƙashin kiɗanka, na san na wutar janareto ne. Cire cajar kwamfutar ka ɗauka da batir, ka matsa nesa da fanka da firij, ka juya jikinka a kujera a hankali har ka sami fuskar da ƙugin ya fi raguwa, ka zauna a haka. Jitarka mai siririn maganaɗisu ce, wato abin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sautinsu, ta fi jan irin wannan ƙugi. In tana da makunni mai matsayi biyar, na biyu da na huɗu sukan fi shiru. Don rok mai nauyi dai, mai tagwayen maganaɗisu a gindi ta fi dacewa, sai mu yi wannan magana wani lokaci. Kada ka raina wadda kake da ita, irinta Bombino da Mdou Moctar na Nijar suka zaga duniya da ita, kuma ina so in ji ranar da za ka sa karin gida a cikin wannan gurnani.

Wani abokin aikina ɗan Kaduna zai taho bayan Sallah, na ba shi saƙo. Akwai Focusrite Scarlett Solo, na'urar jona jita da kwamfuta, na hannu, mai lafiya, da abin kunne, da tsirkiya fakiti biyu. Jona jitar a ramin gaba ka danna maɓallin da aka rubuta INST, ka bar makunnin ƙasa-ƙasa yadda fitilar ba za ta taɓa yin ja ba ko ka buga da ƙarfi. A saitin manhaja ka sa bafa, wato abin da ke daidaita jinkirin da ke tsakanin bugunka da jin sautin, a 128, in kwamfutar ta fara ƙas-ƙas ka kai 256. Jinkirin da bai wuce kashi 10 cikin 1,000 na daƙiƙa ba daidai yake da tsayawa mita 3 da rabi daga sifika, hannu yana jurewa. Kullum ka adana tsurar sautin jitar kafin ya bi ta manhaja. In ka turo mini shi, daga nan zan iya bi da shi ta amfilifayan situdiyo in mayar maka, ka kwatanta da naka.

Umma, da abin kunnen nan ba za ku ƙara jin ƙarar jita da azahar ba, shi kaɗai zai riƙa jin abinsa. Amma kayan su zauna a ɗakinku har ya gama jarrabawa, na faɗa masa a waya kuma ya yarda. A cikin saƙon akwai man zafi na gwiwar Baba, da turare na Yaya. Goron Sallar yara na tura ta asusun Yaya, a raba har da 'ya'yan maƙwabta.

A gaida Kawu da iyalinsa, a gaida Gwaggo da jiki, a gaida Malam na makarantar allo a ce ina neman addu'a. Zan kira ranar Juma'a bayan na taso daga aiki, in sha Allah, Auta ya tabbata wayar Baba tana da caji.

Wassalam.

Ɗanku,
daga Essen, Jamus